Numfashin Ruwa da Laka: Daga Ciyawar Teku Zuwa Fadamun Daura

(Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin ƙasar Daura)



An nemi in yi magana a kan iskokin da ke ɗumama duniya, musamman waɗanda ke fita daga ciyawar teku da bakin gaɓa a ƙasashe masu zafi, da yadda fitarsu take sauyawa daga wani lokaci na shekara zuwa wani. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan mutumin Daura da teku, alhali sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota kafin ya ga bakinta? Amsar tana cikin hadarin da muke jira kowace shekara. Iskar damina da ke kawo wa manomin Baure da na Zango ruwa daga Tekun Atlantika take tasowa. Masana sun nuna cewa farin da ya auka wa ƙasashenmu a shekarun 1973 da 1984 yana da nasaba da sauyin zafin ruwan tekuna. Saboda haka abin da ya taɓa teku ya taɓa rumbunmu. Ban da wannan, akwai darasin da masu binciken gaɓar teku suka koya da wahala, wanda ya shafi fadamunmu da kududdufanmu kai tsaye, shi ne kuwa nake so mu tafi da shi gida yau.

Iskoki uku

Kafin mu shiga ruwa, ya kamata mu san iskokin da ake magana a kansu. Rana tana aiko da zafi, ƙasa tana mayar da wani sashe nasa sama, waɗannan iskoki kuwa suna tare shi kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Ba domin su ba da sanyi ya hana rayuwa a doron ƙasa. Matsalar ita ce bargon ya yi ta ƙara kauri.

Ta farko ita ce iskar kabon, wadda ke fita idan an ƙona itace ko gawayi ko man fetur, ko kuma idan abu ya ruɓe a sarari. Kafin zamanin masana'antu yawanta a sararin sama kashi 280 ne cikin miliyan, amma a shekarar 2024 ta haura 420.

Ta biyu ita ce metan, wadda za mu iya kira iskar fadama, domin a cikin laka ake haifarta. A shekarar 1776 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya tsokani lakar bakin tafkin Maggiore da sanda, ya tara kumfar da ta taso, ya kusanta mata wuta sai ta kama. Duk yaron da ya taɓa shiga kududdufi ya ga ƙwayoyin kumfa suna tasowa daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya ga abin da Volta ya gani. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke samar da ita, sa'ad da suke cin ruɓaɓɓen ganye a wurin da iskar shaƙa, watau oksijin, ba ta kaiwa. Kilo guda na metan yana riƙe zafin da ya kai na kilo 27 zuwa 30 na iskar kabon idan an auna cikin shekara 100, idan kuwa cikin shekara 20 aka auna, ya kai kimanin 80. Sai dai ba ta daɗewa a sama, wajen shekara 12 take yi. Yawanta yanzu ya ninka na kafin zamanin masana'antu fiye da sau biyu da rabi.

Ta uku ita ce naitiros oksaid, mu kira ta iskar taki, domin tana fita ne idan ƙwayoyin halittar ƙasa suka sami takin zamani ko na gargajiya fiye da abin da shuka za ta iya sha. Ita kaɗan ce, amma kilo guda nata ya yi daidai da kilo 273 na iskar kabon, tana kuma wuce shekara 100 a sama.

Ciyawar teku, rumbun da ke ƙarƙashin ruwa

Ciyawar teku ba gansakuka ba ce. Tsiro ne sosai mai saiwa da fure da iri, kamar burugu ko gamba, sai dai shi a ƙarƙashin ruwan gishiri yake rayuwa, a wurare marasa zurfi inda hasken rana ke kaiwa. Akwai irinsa wajen 70 a duniya. A nan Afirka ta Yamma babban filinsa yana Banc d'Arguin a ƙasar Muritaniya, wurin da aka keɓe tun 1976, inda masunta Imraguen ke kamun kifi, tsuntsaye kuma ke sauka daga Turai lokacin ɗari. Mu a Nijeriya, da muke da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, abin da muka fi shahara da shi shi ne kurmin mangurob na yankin Neja Delta, watau itatuwan da ke tsaye cikin laka da ruwan gishiri, wanda babu mai girmansa a Afirka.

Darajar waɗannan wurare ita ce ajiya. Ganyen ciyawar yana zuƙar iskar kabon, yana kuma rage ƙarfin igiyar ruwa, sai dattin da ruwa ya ɗauko ya kwanta. Idan ganye da saiwa suka mutu, laka takan binne su a wurin da babu iskar shaƙa, sai ruɓewarsu ta yi jinkiri ƙwarai, har kabon ya yi shekaru ɗaruruwa ko dubbai a kwance. Ciyawar teku ba ta rufe ko kashi 1 cikin 500 na ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta cewa fiye da kashi 10 cikin 100 na kabon da ake binnewa a teku kowace shekara a ƙarƙashinta yake kwanciya. A shekarar 2009 wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yayata sunan shuɗin kabon ga wannan ajiya, daga nan ƙasashe da kamfanoni suka fara lissafin kuɗin da za a samu idan an kiyaye ta.

Rumbun yana yoyo

To, da masu bincike suka zauna suka auna da kyau, sai suka tarar rumbun nan yana yoyo. Lakar da ke ɓoye kabon ita ce dai ke haifar da metan, wani lokaci har da iskar taki. Abin da ya fi ba su wahala shi ne yoyon ba iri ɗaya ba ne a duk shekara. Abubuwa uku ne ke juya shi.

Na farko gishiri. A ruwan teku akwai wani gishiri na farar wuta, ana ce masa salfet. Ƙwayoyin halittar da ke rayuwa da shi sun fi masu yin metan ƙarfi wajen neman abinci, saboda haka muddin ruwan yana da gishirinsa, metan takan yi ƙaranci. Idan damina ta sauka koguna suka kwararo da ruwan daɗi, gishirin ya tsinke, sai masu yin metan su sami fili.

Na biyu abin da ambaliya ke ɗaukowa daga tudu, watau ganye da kashin dabbobi da ƙazantar gari da takin gona. Duk wannan abinci ne ga ƙwayoyin halitta. A tafkin Chilika na gaɓar gabashin Indiya, wanda ke haɗe da teku, an auna an ga iskar kabon da ke fita daga ruwan a lokacin damina ta ninka ta kafin damina ninkin-ba-ninkin.

Na uku zafi. Gwajin da aka yi da ciyawar teku ta Zanzibar ya nuna cewa idan ruwa ya yi zafi ƙwarai, kamar yadda yakan yi da tsakar rana sa'ad da teku ta janye, ciyawar takan galabaita, metan da ke fita daga lakarta kuma ya ƙaru. Idan zafin ya wuce kima, rumbun kansa yakan rushe. A Shark Bay ta ƙasar Ostireliya, zafin ruwa na shekarar 2010 zuwa 2011 ya lalata fiye da kashi ɗaya cikin uku na ciyawar wurin, aka kuma ƙiyasta cewa iskar kabon da ta kai tan miliyan 2 zuwa 9 ta iya fita cikin shekaru uku da suka biyo baya.

Waɗannan abubuwa ba sa tafiya tare kullum. A wata gaɓar damina ce lokacin fitar iska mai yawa, a wata kuwa rani ne, domin a lokacin ruwa ke tsayawa ya yi zafi. Darasin ke nan: wanda ya zo ya auna wuri a wata guda ya tafi, ya rubuta cewa haka wurin yake duk shekara, ya yi kuskure ko da na'urarsa ba ta yi ƙarya ba. Kamar baƙo ne da ya zo kasuwar Mai'adua da kaka ya ga hatsi tuli, ya koma ya ba da labari cewa mutanen nan ba su san tsadar abinci ba.

Mu dawo gida

Mu ba mu da teku, amma muna da laka da ruwa, ruwanmu kuwa na daɗi ne, babu gishirin farar wutar da zai danne metan. Muna da madatsun ruwa na Sabke da Daberam, muna da fadamu, muna da tafkunan da ke cika da damina su ƙafe da rani, muna da kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini. Wani babban nazari da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa kusan rabin metan da ke fita a duniya daga wuraren ruwa yake fitowa. Wani kuma na 2016 ya nuna cewa ƙananan kududdufai, waɗanda ba su kai kashi 10 cikin 100 na faɗin tafkunan duniya ba, su ke ba da wajen kashi 40 na metan da ke tsattsafowa ta saman ruwan tafkuna. Ƙanƙantar kududdufi ba ta sa a raina shi ba ke nan.

Bambancin lokutan shekara kuwa a nan ya fi na bakin teku tsanani, domin yawancin ruwan samanmu cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas kusan babu ruwa. Bari mu bi shekarar Bahaushe mu gani.

Da bazara, zafi ya kai matuƙa, ruwan madatsa ya ja baya. Ɗumin laka yana sa masu yin metan su himmatu, raguwar zurfin ruwa kuma tana rage nauyin da ke danne kumfa, sai ta riƙa tasowa. Lakar da ruwa ya janye ya bari, da zarar ta tsage iska ta shige ta, sai kabon da ke cikinta ya fara fita.

Da ruwan farko, busasshiyar ƙasa takan yi wani babban numfashi. Ƙwayoyin halittar da suka yi wata takwas suna barci sukan farka gaba ɗaya, su tarar da abinci ya taru, sai iskar kabon da iskar taki su yi tashin farat ɗaya na 'yan kwanaki. Wani masanin ƙasa, H. F. Birch, ya bayyana wannan a 1958 bisa aikin da ya yi a Afirka ta Gabas. Wanda bai auna a waɗannan 'yan kwanaki ba, ya rasa wani babban sashe na lissafin shekara.

Da tsakiyar damina, fadama ta cika, ciyawa ta nutse tana ruɓewa, ruwan unguwa ya kwashe shara da ƙazanta ya zuba a kududdufi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Koren ruwan nan mai wari da ke bayan gari, tukunyar metan ce. Gonar shinkafar da ruwa ya kwanta a cikinta ita ma haka.

Da kaka, ruwa ya fara janyewa, wasu kuma su sa wa kara da ciyawa wuta, hayaƙin ya tafi da abin da ya kamata ya koma cikin ƙasa ko cikin dabbobi. Da hunturu, sanyin dare yakan rage wa ƙwayoyin halitta kuzari, amma a lokacin ne masu noman rani ke buɗe ruwa suna zuba taki a bakin madatsa.

Maƙwabtanmu na Haɗeja da Nguru sun ga abin da ke faruwa idan fadama ta rasa raninta. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yakan zo da damina ya janye da rani ya koma gudana kusan duk shekara. Ciyawar kacalla ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cin hatsi. Karanta kuma rami ne da shi, metan na bi ta ciki daga laka zuwa sama kamar hayaƙi a bututu.

Me ya sa wannan ya dame mu?

A nan sai mu yi hattara, kada wani ya fita daga zauren nan ya ce an ce fadama ce ke ɗumama duniya. Fadamu suna numfashi tun kafin a haƙa rijiyar Kusugu, duniya kuwa ba ta ɗumama ba. Abin da ya ɓata ma'auni shi ne ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, Afirka duka kuwa ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa ta wannan hanya. A cikin Nijeriya ma, gas ɗin da ke tsiyaya ko ake ƙonawa a filayen mai yana cikin manyan hanyoyin fitar metan. Wanda ya busar da fadama da sunan gyaran yanayi ya yi hasara biyu, ya saki kabon da ke kwance, ya kuma raba masunci da makiyayi da mai lambu da abincinsu.

Duk da haka akwai dalilai biyu da suka sa ba za mu naɗe hannu ba. Na farko, zafi na ƙara wa laka numfashi, numfashin kuma na ƙara zafi. A shekarun 2020 da 2021 metan ta ƙaru a sama fiye da kowace shekara tun da aka fara aunawa a kai a kai, bincike da yawa kuma ya danganta babban sashe na ƙarin da dausayin ƙasashe masu zafi, ciki har da dausayin Sudd na Sudan ta Kudu. Mu da ke bakin hamada muna cikin waɗanda za su fara ɗanɗana sakamakon.

Na biyu, maganar ta zama ta lissafi da kuɗi. A taron Glasgow na Nuwamba 2021, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya yi alkawari cewa Nijeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take zuƙewa kafin 2060, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a wannan wata. Nijeriya ta shiga alkawarin rage metan na duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙa'idojin lissafin dausayi da gaɓar teku a 2013, ya kuma sabunta na madatsun ruwa da kududdufai a 2019. Ƙa'idar ita ce, ƙasar da ba ta da awon kanta sai ta yi amfani da alƙaluman gama-gari, waɗanda aka tattara daga awon wasu wurare. Tafkin da ke ƙafewa wata shida a ƙasar Sandamu ba ɗaya yake da tafkin da ba ya ƙafewa a kurmi ba. Idan ba mu auna namu ba, da mudun wani za a auna mana, ko wajen ɗora laifi ko wajen biyan lada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya kwana a ɗakin da damina.

Abin da ke hannunmu

Ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga aiki a ƙofar gida. Awon nan ba ya bukatar jirgin ruwa. Da robar wanki da aka kifa a kan ruwa aka ɗaura mata abin da zai hana ta nutsewa, da sirinji, da 'yan kwalabe masu murfin roba, ana ɗibar iskar a kai ɗakin gwaji. Da mazurari da aka kifa ana tara kumfa. Wanda ma bai sami ɗakin gwaji ba, zai iya rubuta zurfin ruwa da zafinsa da faɗinsa da launinsa. Sharaɗin guda ne, a koma wuri ɗaya kowane wata har shekara ta zagayo, a ƙara yawan zuwa a makon ruwan farko, wanda ya gama kuma ya miƙa wa na bayansa littafin. Muna da jami'a a Katsina da Dutsin-ma, muna da manyan makarantu a nan Daura. Awon shekara biyar a jere a Daberam ko Sabke zai fi tarin takardun da aka kwafo daga littattafan wasu amfani.

Ga matasan ma'aikata, musamman na aikin gona da na ruwa da na tsabtar gari, akwai dabarun da aka riga aka gwada, kowace kuwa tana da amfanin da manomi zai gani da idonsa ko da bai taɓa jin sunan metan ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta koyar da shayar da gona da hutar da ita: a kafa bututu mai huji-huji mai tsawon santimita 30, a bar ruwa ya sauka har santimita 15 ƙarƙashin ƙasa kafin a sake ba da wani, ban da lokacin da shinkafa ke fitar da kai. Wannan na rage ruwan da ake sha da kusan kashi 30 cikin 100, yana rage kuɗin man injin ban-ruwa, yana kuma rage metan da kashi 30 zuwa 50. A cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai an gwada sa taki kaɗan, cikin murfin kwalba, a gindin kowace shuka maimakon watsa shi, ga sauƙin kuɗi ga ƙarancin abin da ke salwanta. Hana zuba shara da ruwan masai a kududdufi yana rage metan, yana kuma rage sauro da cutar amai da gudawa. A tudu kuwa, manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda iyaka kawai ta raba mu da su, sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu. Wannan shi ne namu rumbun kabon.

Kammalawa

Jama'a, masu binciken ciyawar teku sun fara da murna cewa sun sami rumbu, daga baya suka gane cewa sai sun bi shi damina da rani kafin su san abin da ya shiga da abin da ya fita. Kakanninmu sun raba shekara gida-gida, bazara da damina da kaka da hunturu, domin sun san ƙasa ba ta zama da hali guda. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗauki wannan sani mu haɗa shi da awo da rubutu, domin ranar da za a zauna lissafin fadamun ƙasar Daura, a tarar da alƙaluman da 'ya'yanta suka tara da hannunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan farko na baɗi yana nan tafe, ina fatan zai tarar da waɗansunku a bakin tafki da littafi a hannu.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.